Awaki Sun Cinye Bangon Lissafina, Bakina Ya Kori Ɗaliba

Gwaggo Zubaida, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Ni malama ce, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare wajen Adabka. Yarana sun iya ƙidaya sarai, amma da an kawo tambaya da Turanci sai su yi zuru, ba su san tarawa ake so ba ko ɗebewa. A wata bita da aka yi mana a Gummi aka nuna mana dabarar jera kalmomin lissafi a bangon aji, yaro ya riƙa ganinsu kullum. Na dawo da zafina, na bi shaguna ina roƙon kwalaye, na yayyanka, kowanne na rubuta kalmar Turanci da Hausarta da ɗan zane. Akwai wata yarinya Ummukulsum, 'yar Malam Sambo makiyayi, wadda a da ko sunanta na kira sai ta sunkuyar da kai. Ita ta riƙa gaya mini Fillancin kalmomin ina ƙarawa. Sai ga ta tana riga kowa ɗaga hannu.

To, ga inda na yi wauta. Ban samu gam ba, sai na dama sitacin rogo na liƙa kwalayen, ƙasa-ƙasa daidai idon yara. Ajinmu kuwa ba ƙyaure. Ranar Litinin na tarar awaki sun yi biki, ba abin da suka bari sai guntaye da kashinsu. Yara suka ce awakin gidan su Ummukulsum ne. Raina ya ɓaci, a gaban aji na ce wa Ummukulsum su da dabbobinsu duk ɗaya, ba su san darajar ilimi ba. Ba ta yi kuka ba, ta ɗauki jakarta ta fita.

Tun ranar ba ta dawo ba. Na aika, aka ce babanta ya ce bokon ya isa haka. Hedimasta ya ce in share, wai yaran ruga yau suna nan gobe ba su. Maigidana ya ce in na je ba da haƙuri na zubar da girmana. Ni dai na yi nadama, ko bangon ba na iya kallo. In je ne, ko in bar wa lokaci?

Malama mai nadama, Bukkuyum

'Yata, sannu. Wadda ta bi shaguna roƙon kwali saboda 'ya'yan wasu dole ta ji zafi in aikin ya lalace, kuma sakin awaki har cikin aji sakaci ne. Amma akuya sitaci ta sansano, ke kika dama mata shi, yarinyar kuma ba ita ta ci kwalin ba. Magana zarar bunu ce, taki kuwa ta haɗa har da iyayenta. Bafulatani mai filako ba zai zo ya yi cacar baki da ke ba, janye 'yarsa shi ne amsarsa.

Kada ki bar wa lokaci. In rani ya matso suka tashi neman kiwo, shi ke nan. Ki lallashi maigidanki, ki samu dattijuwar da suke ganin girmanta ta raka ki rugar. Ki fara da Innar yarinyar, ki ce kin yi kuskure, kada ki ambaci awaki ko da wasa. Tunda kuma a gaban aji kika faɗa, a gaban aji za ki janye, domin akwai sauran 'ya'yan makiyaya da suka ji.

Bangon kuwa ki sake shi, wannan karon da fenti a jikin gini, ki nemi iyayen yara su taimaka da ƙyaure.

Ba zan ɓoye miki ba, Malam Sambo yana iya karɓar haƙurin ya ƙi maido ta. Ko da hakan ne ki je, kada yarinyar nan ta girma wannan ce maganar ƙarshe da ta ji daga bakin malamarta. Allah ya sanyaya zukatansu, ya ba ki sa'a.

Gwaggo Zubaida