Kanwar Maigatari

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Baba da su Naja'atu. Yaya ƙafar Baba? Gero ya yi kyau a Ɗanzomo bana?

Ni lafiya lau nake. Dattijon da nake yi wa jinya a nan Sifaniya ya ɗauki alkawarin ziyartar wata tsohuwar majami'a, ta hanyar da Kiristoci suka shekara dubu suna bi a ƙafa. Ni nake tura kekensa, yau kwananmu goma sha tara. Ƙafafuna sun yi bororo, amma ba abin damuwa ba ne. Ki gaya wa Baba salla ba ta wuce ni, dattijon ma yakan tuna mini la'asar.

Jiya mun kai wani tudu inda kowane matafiyi yake ajiye dutsen da ya ɗauko daga garinsu, wai don ya sauke nauyin zuciyarsa. Ya ajiye nasa, ya ce, "Ina naka?" Na ce ƙasarmu yashi ce, ba mu da dutse. Ya ce, "Farin nan da kake yawan shafawa a aljihu fa?"

Guntun kanwar Maigatari ce, wadda kika ƙulle mini saboda ciwon ciki, shekara shida ke nan. Na fito da ita, na lasa, na mayar. Inna, in na sauke kewarku, da me zan zauna?

Takarduna na izinin zama ba su fito ba tukuna. Ki ci gaba da sa ni a addu'a. Kada ki aiko wata kanwar, wannan nake so ta raka ni gida.

Ɗanki,
Habibullah