Sai Nura Ya Ɗaga Hannu

Zuwa ga Yaya Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya kai haske kabarinki, ina sanar da ke mutanen gida duk suna lafiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta da faɗanta. Ɗanki Nura ya shiga aji uku, ya kuma fara buga ƙwallo. Maganar ƙwallon ce ta zaunar da ni rubuta miki.

Na san abin da za ki ce: yaro mai sikila, ina shi ina guje-guje? Tun ina sabon alƙalin wasan yara a filin firamaren bayan layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi kike ce min, "Sani, kai da usur ɗinka ku yi nesa da ɗana." Ban manta ba. Ban kuma manta yadda kike gasa masa ƙafafu da ruwan ɗumi ba idan ciwon ya tashi, yana ihun ƙashinsa zai karye.

Amma da kin ga yadda yake zama a gindin darbejiya duk Asabar, yana kallon sa'o'insa suna buga biyar-biyar, ƙafarsa tana harbin iska, da ke ma kin karaya. Kuma ba da ka na yi ba. Na tambayi likitarsa a asibitin koyarwa. Ta ce ya buga, amma ya sha ruwa sosai, kada ruwan sama ya taɓa shi, ya huta da zarar ya gaji. Ta rufe fayil ta kira na gaba, ta bar ni da wannan "da zarar ya gaji".

Ta yaya zan san ya gaji? Sai na ƙirƙiro dokar da babu ita a ko'ina, na sa mata suna hutun ruwa. Da na ga ya dafa gwiwa, sai in busa, kowa ya zo ya sha. Da na ga wani ƙaton yaro ya nufo shi, sai in busa fawul tun kafin su haɗu. Har Malam Ado mai shayin bakin fili ya fara ɗaga min murya: "Rafali, wannan ƙwallo ce ko walimar fiya wata?" Na yi dariya kamar kowa.

Ashe yara sun riga ni gane kaina. Asabar ɗin da ta wuce muna komawa gida, Nura ya tsaya cak a bakin titi, ya ƙi ba ni hannu mu tsallaka. Ya ce, "Kawu, yanzu sunana Hutun Ruwa. Ba mai ba ni ƙwallo, ba mai ƙwace min, wai in an taɓa ni za ka busa. Ka bari in na gaji ni zan ɗaga hannu." Bai yi kuka ba. Da ma kukan ya yi, da na san yadda zan lallashe shi in ci gaba da abina.

Na yi masa alkawari, Yaya. Na ce ba zan ƙara busa saboda shi ba sai ya ɗaga hannu.

Gobe da safe yaran unguwar Darmanawa za su zo wasa da namu. Ba su san shi ba, ba su san ciwonsa ba. Za su bangaje shi kamar kowa, kuma wannan ne ma abin da yake wa murna. Da kansa ya wanke rigarsa ya shanya. Ni kuwa tun azahar nake leƙa sama ina neman hadari, don in samu hujjar ɗage wasan. Ko ɗigon gajimare babu.

Ba faɗuwarsa nake tsoro ba, yara suna faɗuwa su tashi. Abin da yake tsorata ni shi ne, shi ɗanki ne.

Wata nawa kika yi kina yawo da ciwo a jikinki? Muna tambaya kina cewa, "Lafiya lau, gajiya ce kawai." Kika ci gaba da taka keken ɗinki, kina kai shi asibiti, kina dawowa ki ɗora tukunya, har ranar da Inna ta same ki a kife a kan keken. Ke ba ki taɓa ɗaga hannu ba, Yaya. Ko sau ɗaya.

Shi ma haka yake cije leɓen ƙasa idan abu yana cinsa. Shi ma "lafiya lau" ɗin nan taki yake ba ni, da muryarki sak. Idan gobe ƙirjinsa ya fara ɗaurewa ana tsakiyar wasa, ga shi an ba shi ƙwallo karon farko a rayuwarsa, kina ganin zai ɗaga? Idan kuma na karya alkawari na busa, na san ba zai ƙara gaya min komai ba, ko ciwon ne ya tashi. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Ɗazu da muka idar da la'asar na zaunar da shi, na ba shi labarinki yadda ban taɓa ba shi ba. Na ce masa babu abin da ban so a wurin mahaifiyarsa ba sai wannan shirun. Ya ce ya ji.

Gobe a aljihu zan sa usur ɗin, don idan yana bakina ban yarda da kaina ba.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya raya mana Nura, ya ba shi duk halayenki na kirki. Wannan guda ɗayan kawai nake roƙon Allah kada ya gada. Ya Allah, idan ya gaji, ka ɗaga masa hannunsa.

Ƙaninki mai kewarki,
Sani