Gwangwanin Makka na Baba

Wad Haddad

Zuwa ga yayana Abdussalami,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Sabah da yara da duk mutanen Rusairis. Yaya ƙafar taka, ta yi sauƙi? Mu nan sai godiyar Allah.

Yaya, maganar Baba ce ta hana ni sukuni. Ka san kakanmu ya baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya maƙale a nan yankin Jazira yana tsinkar auduga har ya rasu, Baba kuwa ya rantse shi zai ƙarasa tafiyar. Shi ya sa duk shekara yake buɗe matmura, ramin da muke binne dawa, ya sayar, ya tura takardun kuɗin cikin gwangwani. Na sha cewa ya bar dawar a ƙasa, sai ya ce in ji da tukunyata.

Jiya maigidana Izzuddeen ya dawo daga Hasahisa da wani fim na barkwanci a waya, kan tsadar nan da ta ci mu. An biya wani ma'aikaci albashi da bulon ƙanƙara. Ya saka a buhu ya saɓa, ya nufi kasuwa, yana tafe tana ɗiga, ga shi ba ya iya wuce mutum bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Da ya isa wurin mai burodi, jiƙaƙƙen buhu kawai ya miƙa. Wallahi mun yi dariya har da hawaye, Baba ma har rawaninsa ya zame.

Can sai Baba ya gyara rawaninsa. Ya tambayi Izzuddeen ko ƙanƙarar da aka rufe a gwangwani ita ma tana narkewa. Shi kuwa, bakinsa ba linzami, ya ce ai babu abin da zai hana. Na ji kamar in shaƙe shi. Tun lokacin Baba bai taɓa abinci ba, kuma tsoro nake ji.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Muhsina

Wad Haddad

Yayana Abdussalami,

Bayan sallama da tambayar lafiyarku, na ga saƙonka na a lallashi Baba, Allah ya saka da alheri. Sai dai ka makara.

Baba ya ɗauki gwangwanin ya hau mota zuwa Madani, wurin masu shirya tafiyar alhazai. Suka ce abin da ya tara ko kuɗin jirgin ruwa bai kai ba. Dawar shekaru kenan, Yaya, ga matmura wayam.

Bai dawo hannu wofi ba. Farin yadi ya sayo, ya ba ni in ajiye masa a akwati. Na yi ƙarfin hali na ce ga harami ya samu, saura tafiya. Ya dube ni ya ce, "Adana shi da kyau, Muhsina. Kakanku ma irinsa ya saya, a Jazira aka naɗe shi a ciki."

Na kasa rufe akwatin. Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Muhsina