Azarar Malam Maiwada

Murabba, Riyad
Laraba

Zuwa ga angona Kamil,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida da duk Kazaure. Ina miji, ina cefane? Wata biyu ban ga ko barkononka ba. Ka ci gaba, akwai wani tsohon Balarabe mai sayar da dabino a kasuwar Utaiƙa da ke ƙara mini mudu, kada ka ji labari.

Uwarka Ruƙayyatu tana gaishe ka. Ƙannenka kuwa Larabci ya cinye musu baki, daga "yalla" sai "halas", ni kuma in bi su da to.

Jiya babanka ya taso daga ofishin jakadanci ya kai mu kallon tsohon gidan sarauta da ke nan unguwar. Na yi kwalliya zan ga zinariya. Kamil, ginin ƙasa ne! Na ɗaga kai, sai ga itatuwa a jere a rufin, kamar soron kakanka Malam Maiwada. Har da Turawa suna ɗaukar hoto. Wani kafinta ɗan Gumel, Yahuza, da muka haɗu da shi a wurin, ya ce aikinsa ke nan a garin nan: gidajen gungume yake haɗa wa masu hali a wuraren shaƙatawarsu, kuma ba sa son na inji, sai wanda aka sassaƙa da hannu, sawun gizago na nunawa. Na ce ashe mu attajirai ne ba mu sani ba.

To wannan soron da na ce ka rushe a zuba dekin kafin in dawo, in ba ka taɓa shi ba ka bar mini abina. Zan dawo in kafa kujera a ƙofa, Turawa su riƙa biyan kuɗin kallo, in sayi gwal in yi maka yanga.

Ƙanwarka Zahida ce za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo maka, don in na kira ka surutunka ba ya barina magana.

Matarka ta ƙwarai,
Muhibba

*

Kazaure
Litinin

Zuwa ga amaryata tsohuwa,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso tun Laraba, na karanta wa mutanen gida, an sha dariya, musamman wajen kujera da Turawa. Balaraben dabino kuwa ki ce masa na yafe, in ya ji minsharinki zai dawo da ke da kansa.

Albishirinki. Ranar Asabar aka sauke soron. Talle birkila ya sha wuya, ya ce bai taɓa ganin azara irin wannan ba, duk namijin giginya, shekara hamsin ko gara ba ta lasa ba. Sai da ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na ce umarnin Hajiya ne, ita da ta ce ta gaji da yaɓe duk damina da ƙasa na zuba mata a tuwo. Azarar ma ba ta tafi a banza ba, an sa zarto an yanka ta gajeru-gajeru, da ita za a tokare dekin.

Ki dawo ki tarar da ɗaki fes, har da fanka.

Mijinki mai haƙuri,
Kamil

*

Murabba, Riyad
Alhamis

Kamil,

Ina gaishe ka. Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Maganar kujera wasa ce. Maganar ka bar soron ba wasa ba ce. Ban san yadda zan faɗa maka ba ne. Ni da ban taɓa kiran sunan kakanka a gabansa ba, yaya zan buɗe baki in ce wa jikana ina kewar aikin hannun mijina? Sai na naɗe ta cikin tsokana, na ce yaron nan mai wayo ne, zai gane. Kai kuma tun kana goye ba mu taɓa yin maganar da ba wasa ba, to da me za ka gane?

Bari in gaya maka abin da aka yanka. Shekarar da aka kawo ni, kakanka ya tafi fadama da gatari, ya kwana goma sha biyu. Sai ya ƙwanƙwasa giginya ya saurara kafin ya sare ta, wai macen tana da taushin ciki, gara na son ta. Shi ya tsaga, shi ya sassaƙe kowace da gizago, ya bar su suka sha rani guda. Da zai jera, ni ke miƙa masa daga ƙasa, ina da cikin fari, yana ce mini ragguwa. A ƙarƙashin rufin nan na haifi uwarka. A nan shi ma ya cika, yana kallon sama.

Ni ce na ce a rushe, ban manta ba. Na ga na maƙwabta da siminti ne na raina nawa. Sai da na hau jirgi na zo ƙasar wasu na ga suna lallaɓa irinsa, sannan hankalina ya dawo. Jiya na tambayi Yahuza ko azarar da aka yanka tana haɗuwa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, sai dai haƙuri."

Kada ka karanta wa mutanen gida wannan.

Kakarka,
Muhibba

*

Kazaure
Juma'a

Hajiya Kaka,

Ina gaishe ki da girmamawa. Wallahi ban gane ba. Na sake karanta takardar farko ni kaɗai, ga maganar nan a fili, ni ne na tsaya dariya. Ki yafe mini.

Na dakatar da aikin. Talle ya ce akwai wani dattijo a Ɓaɓura da har yanzu yake rufin azara. In kin yarda in je in ɗauko shi, a nemo giginya, a mayar da soron yadda yake. Ba zan sake taɓa komai ba sai na ji daga gare ki.

Jikanki,
Kamil

*

Murabba, Riyad
Lahadi

Angona,

Na gaishe ka. Ka bar dattijon Ɓaɓura ya huta. Zai yi rufi mai kyau, na sani, amma zan kwanta in ɗaga kai in ga hannun wani.

Ku zuba dekinku. Babu abin da ka yi da zan yafe, aikenka aka yi, ka kai. Ranar Juma'a ka je ka yi wa kakanka addu'a, ka ce masa ragguwar ce ta sa, zai gane.

Kuma daga yau in zan yi maka maganar gaske, zan fara da sunanka tsurarsa, ba angona. In ka ga haka ka daina washe baki.

Allah ya yi maka albarka.

Matarka,
Muhibba