Katin Hoton da Ya Iso Bayan Auta

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya baƙunta? Na ga saƙon ta'aziyyarka, Allah ya ba da lada. Ka yi haƙuri da rashin ɗaukar waya, magana ce ba na iyawa yanzu, rubutu ya fi mini sauƙi.

Jiya mai kawo saƙo ya zo da wani kwali da sunan Auta a jiki. Na sa hannu na karɓa, ban gaya masa mai kayan ya rasu ba. A ciki akwai wani baƙin ƙarfe mai nauyi, da fanka uku a jikinsa. Kai ne amininsa, tare kuka haɗa kwamfutar nan. Mene ne wannan, kuma ya zan yi da shi?

Mama tana so a kwashe ɗakin. Baba kuwa, in an ba shi abinci ya ci, in ba a ba shi ba, ba ya tambaya. Ni kuma ina zuwa aiki, ina dawowa, ina wanke kwanuka. Ko kuka ban yi ba.

Ka gai da abokan aikinka.
Yayarka

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya ji ƙansa.

Katin hoto ne. Shi ke zana duk abin da ake gani a allo. Tsohon nasa ya gaji, da wasa ya yi zafi sai hoton ya daskare, Auta ya yi ta yi masa fifita da murfin tukunya yana ce masa "tsoho, daure." Ya daɗe yana jiran wannan. Wasan mota yake so ya gani da shi.

In za a kwashe ɗakin, a kwashe. Amma da za ki sa shi ko sau ɗaya, da na ji daɗi. Ki zare wayar wuta tukuna. Ki kwance gefen akwatin kwamfutar, ki cire notin da ke riƙe da tsohon, ki danna ɗan maɓallin da ke ƙarƙashinsa, ki ja shi a hankali. Sabon ki tura shi har ki ji ƙas, sannan ki jona masa wayoyinsa. Kada dai Baba ya gani, kin san yadda suka sha yi da Auta a kan wasan nan.

A gai da su Mama.
Ƙaninki

Ƙanena,

Bayan gaisuwa. Baba ya gani. Ina fama da notin ya shigo, ya tsaya a kaina, sai ya ce, "Baya kike juyawa." Ya karɓi sukurudireban ya kwance da kansa. Shi ya tura katin har ya yi ƙas.

Da muka kunna muka buɗe wasan, sai ga wata jar mota a gefen titi, inda Auta ya bar ta. Ana ruwan sama, har ɗigon kan gilashi ana gani. Baba ya daɗe yana kallo. Ka san rayuwarsa duk a tuƙin babbar mota ya yi ta. Ya ce, "Ya faka a kwana. Na sha gaya masa."

Ya zauna a kujerar, ya kama sitiyarin da ke ɗaure da teburin, na nuna masa totur da birki a ƙasa. Ya fitar da motar daga kwanar. Motocin tsere suna ta wuce shi kamar iska, shi kuwa yana hannunsa, a hankali, kamar ya ɗauko ƙwai.

Yanzu kullum bayan la'asar yana ciki. Mama ta daina maganar kwashe ɗakin, shayinsa ma can take kai masa. Ni ina tsayawa a bakin ƙofa, ba na jin komai sai ƙarar fankokin.

Ya ce in tambaye ka, mai yana ƙarewa a motar?

Ka huta lafiya.
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki ce wa Baba mai ba ya ƙarewa.

Shekaranjiya da yamma ina zaune sai sunan Auta ya yi kore a allona, alamar yana cikin wasa. Ban riga na ga wasiƙarki ba a lokacin. Na zauna ina kallonsa har ya ɗauke.

Don Allah kada ku canza sunan.

Ƙaninki