Lambar Auta kika sa

Umma,

Na leƙo na tarar kin koma barci, ban tashe ki ba. Na wuce wurin aiki.

Ɗazu ina ɗora miki ruwan wanka Auta ya kira ni. Wai awon jininki ya hau, in yi maza in duba ki. Ni da bango ɗaya ya raba mu, sai daga wani gari za a gaya mini halin da kike ciki. Ashe ranar da ya zo ya sa miki manhajar awon jinin nan a waya, da aka zo kan wanda za ta riƙa sanar wa in jinin ya hau, lambarsa kika ce a sa.

Ba komai. Ni ce mai ɗaura miki abin awo kullum, ni ce mai bin layin asibiti, ni ce muguwar da ta ɓoye gishiri. Shi kuwa daga latsa waya ya zama ɗan albarka, duk baƙon da ya shigo sai ya ji labarinsa.

Awon da na sake miki ya sauka, alhamdu lillahi. Ƙwayar rana tana kan faranti kusa da filas. Ki sha bayan kin ci abinci, don Allah kada ki tsallake.

In abin awon ya ƙi zama a hannunki, Auta ya ɗaura miki ta waya. In ya kasa, lambata ba ta canza ba.

Taki,
mai ɓoye gishiri