Tukunyar da Ta Fiye Ƙyalli

Inna,

Ina gaishe ki da fatan kowa lafiya. Yaya ƙafar Baba?

Kayana sun iso. Ashe a ƙasar nan tsohon kaya ba a biya masa haraji, sai sabo? Tukunyar da kika yini kina gogewa don kada in ji kunya, ma'aikacin kwastan ya ɗaga ta ya ce, "Wannan ai sabuwa ce."

Na rantse masa ta girme ni, ya ƙi yarda. Sai da na nuna masa inda ta lotse ranar da Auta ya mai da ita ganga, sannan ya yi dariya ya sake ta.

Lafiya lau nake, kada ki damu. Sai dai har yau na kasa auna abincin mutum ɗaya a cikinta. Yaya ake yi, Inna?

Ki sa min albarka.

'Yarki